Hular da Na Cire Wa Tsoho

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Tsoho ya tafi. Kakana, mahaifin babana, wanda ku 'yan guruf kuka sani da "Ina hulata". Ranar Talata da hantsi ya cika a ɗakinsa, a ƙauyenmu da ke bayan Likoro. Kafin la'asar mun kai shi makwancinsa.

Tabarmi a haɗe aka shimfiɗa su a ƙofar gida, amma zaman makoki biyu aka yi. Dattawa suna gindin darbejiya, samari sun jingina da katanga. Ni ina tsakiya, ina zagayawa da butar ruwa.

Wajen dattawa, mai majigi ne ya rasu. Wani tsoho tun daga Saulawa aka goyo shi a mashin, sai da mutum biyu suka sauke shi. Da aka shafa addu'a ya ce, "Wannan mutumin ya sha ɓata mana kallo. Ana tsakiyar daɗi sai ya kashe na'ura, ya shiga gaban haske, wai sai mun faɗi abin da muka gani. Mu yi ta ihu a kunna, shi ko a jikinsa." Wani daga Furana ya ce ai su har jifansa suka taɓa yi da totuwar masara. Suka yi dariya ƙasa-ƙasa, na Saulawa yana goge ido da hannun riga.

Wajen samari kuwa waya ce ke zagayawa a ƙarƙashin gwiwa. Ba sai na leƙa ba, daga yadda kafaɗunsu ke rawa na san abin da ake kallo. Wani da ban sani ba ya jawo ni gefe ya rage murya.

"Mutumina, wai da gaske shi ne na sitikar nan?"

Na ce shi ne.

"Allah sarki. Wallahi tsohon akwai ban dariya. Allah ya jiƙansa."

Da zuciya ɗaya ya faɗa, shi ya sa ta fi zafi. Mutum ya haura shekara tamanin a duniya, amma duk wanda bai kai talatin ba a yankin nan daƙiƙa shida ya sani a cikin rayuwarsa: kai ba hula, baki a buɗe, haƙori biyu. Kuma ni na jawo. Da wannan babban yatsan nawa da nake taƙama da saurinsa na jawo. Shi ya sa nake wannan rubutun. Na san yana da tsawo, na san data ta yi tsada. Ku daure.

Tun kafin a haifi babana Tsoho yake bin motar majigi. Mota ce mai janareto da na'urar haska fim, tana shiga ƙauyuka daga Ikara zuwa Makarfi zuwa Kudan, a samu farin bango a nuna wa mutane yadda ake zuba taki, yadda ake rigakafi, yadda ake jefa ƙuri'a. Shi ne mai kunnawa. Kashewar nan da yake yi a tsakiya ba a cikin aikinsa take ba, shi ya ƙirƙiro abinsa, har an taɓa ja masa kunne a ofis. Ya kan ce, "In aka gama kallo kowa ya tashi shiru, to fetur kawai aka ƙona."

Yana da wani gwangwanin madara a ƙarƙashin gado. Muna yara mun ɗauka goro ne a ciki ko alawa. Katunan zaɓe ne. Duk wanda ya taɓa yanka yana nan, daga na takarda da ya koma ruwan ƙasa har na roba, an ɗaure su da zaren buhu. In ya fito da su sai ya jera a kan tabarma yana ba kowanne labarinsa, kamar hotunan 'ya'ya. Wannan ranar ruwa aka yi. Wannan da azumi a bakinmu. Wannan wanda muka zaɓa ko rantsar da shi ba a gama ba sojoji suka zo.

Ni da shi kuwa kun san yadda jika da kaka suke. Iya, kakata, mijinta take kira na, saboda haka shi ɓarawo yake ce mini. In na dawo hutu tun daga zaure zai fara, "Iya, ɓoye tukunya, ɓarawon nan na Zariya ya sauka. Dubi wandonsa, ko tela ne ya gudu da rabin yadin?" Ni kuma in ce, "Tsoho, har yanzu kana nan? Na zo ɗaukar matata, ka tattara naka." In ɓoye masa sanda a bayan rumbu. In zo ta baya in sure masa hula, ya bi ni da zagi yana dariya. Babana ko a mafarki ba zai taɓa hular nan ba. Baffana in zai yi masa magana sai ya durƙusa. Ni kaɗai ke da wannan lasisin, kuma ban taɓa tsayawa na yi tunanin inda iyakarsa take ba.

A shekarata ta ƙarshe a makaranta, inda nake karanta aikin jarida, aka ce kowa ya haɗo ɗan fim a kan wani abu na gaskiya a garinsu. Lokacin an buɗe rajistar zaɓe, kuma a majalisarmu ta bakin titi in ka ce kati sai a tambaye ka na waya ko na banki. Mu kuma muna da kwalbati a rafin da ya raba mu da titi, wadda ta karye tun ina firamare. Da damina ta kankama mota ba ta shigowa. Rake da masara sai a kai ko a amalanke. Duk zaɓe sai an zo an tsaya a kanta an yi alkawari. Na ce shi ke nan, na samu fim: kwalbati da kati. Zan tayar da samarin yankin nan gaba ɗaya. Har na fara jin kaina a rediyo ana hira da ni.

Da na faɗa wa Tsoho, sai ya miƙe zaune kamar an sa masa sabon batir. Ban nemi darakta ba, amma daga ranar na samu. "Rana a bayanka, ɓarawo. Kana so ka mai da mutane inuwa?" "Kana rawa da hannu kamar mai tankaɗe." "Wannan abin naka ina ake zura fim ɗin?" Na ce ba a zurawa. Ya juya wayar gaba da baya ya ce to shi ya sa ba ta da albarka.

Ranar da muka fara zuwa rafi mun tarar da amalanken rake ta kafe a taɓo, mai ita yana ta fama da shanu. Na ce yauwa, ga abin ɗauka ya kawo kansa. Na zaro waya. Tsoho ya sa sanda ya danne mini hannu.

"Mai da ita aljihu. Je ka tura."

"Tsoho, in ta fita ai shi ke nan, na rasa."

"Je ka tura, na ce."

Na shiga da sabon takalmina, taɓo har gwiwa. Da muka fitar da ita mutumin ya zauna a kan karyayyen siminti yana haki, ya fere mana rake, ya fara magana da kansa ba wanda ya tambaye shi. Yadda matarsa ta haihu a bakin rafin nan, ana jiran ruwa ya janye. Sai a lokacin Tsoho ya ɗaga mini gira. Na kunna. Duk fim ɗin babu wurin da ya kai wannan. A hanyar komawa ya ce, "Wanda ka taya turi shi ke yi maka magana. Wanda ka tsaya kallo, kallonka zai yi."

Sai ranar tasa hirar. Ya sa farar rigarsa da hular zuwa Juma'a, aka fito masa da kujera ƙofar zaure, gwangwanin a cinyarsa. Minti goma sha ɗaya ya yi yana magana, kuma bai yi wa kowa alkawarin komai ba. Ya ce waɗanda ya zaɓa sun fi waɗanda bai zaɓa ba cin amanarsa. Ya ce amma mutanen nan ba sunan gari suke riƙewa ba, akwati suke riƙewa. Sun san akwatin da ke cika, sun san wanda ake juyewa a ji ƙarar ƙuri'a goma. "Garin da akwatinsa ba ya cika, in an zauna rabon aiki ko sunansa ba a kira. Ni na zauna a bayan motarsu, na ji yadda suke lissafi."

Wajen minti na shida na fara gundura. Na ga abin ya yi nauyi, kamar wa'azi. Na jingina wayar a kan turmi, na zagaya ta baya, na sure hular.

Ya dafe ƙoƙon kansa da hannu biyu. "Ina hulata? Kai ɓarawo, ina hulata?" Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, Iya tana leƙowa tana cewa a bar mata tsoho ya huta. Na miƙa masa, ya kaɗe ta a gwiwa, ya mayar, ya ci gaba daga daidai kalmar da ya tsaya.

Na koma Zariya na yi editin, na sa fim ɗin gaba ɗaya a shafina, na tura duk guruf ɗin da nake ciki. Kwana uku shiru. 'Yan layk ɗin da na samu rabi na 'yan ajinmu ne, su ma na san ba su buɗe ba. Wani abokina ya ce, "Oga, wa zai ƙona datarsa a kan lakcar tsoho? Ka ba mutane abin da zai tsayar da yatsa."

Sai na tuna da hular. A wajen editin na cire wurin, amma yana nan a waya. Na yanko daƙiƙa shida, na ɗora kiɗa, na sa ya maimaita sau uku, na rubuta a ƙasa cewa cikakken yana shafina. A tunanina tarko na ɗana: su zo don dariya, su tsaya don magana. Ko minti biyu abin bai ɗauke ni ba. Ban tambayi Tsoho ba. Me zan tambaya? Kakana ne, hular da nake cirewa tun ina rarrafe.

Ta fashe. Ba ƙarya, ta fashe. Wayata har zafi take yi. Kafin sati wani ya mai da ita sitika. A guruf in an ce wa ya cinye kuɗin kati, "Ina hulata". In ƙungiyar mutum ta sha kashi a ƙwallo, "Ina hulata". Ina tafiya a makaranta ana nuna ni. Na yi ta murna kamar an ba ni kujera. Cikakken fim ɗin kuwa yana nan inda na bar shi, ba wanda ya taka.

Da na je gida na nuna wa Tsoho lambar masu kallo, ban nuna masa abin da suke kallo ba. Ya kawo wayar kusa da ido.

"Duk waɗannan mutane ne?"

"Mutane ne, Tsoho. Ka zama sitaa."

"A cikinsu wa ka san gidansu?"

Na yi dariya.

"To wa ya je ya yanki kati?"

Na ce ana kan hanya. Ya gyaɗa kai, ya ji daɗi. Har ya ce wa Iya ɓarawon nan dai zai yi abin kai.

Bayan sati biyu baffana ya kira ni ina cikin aji. Bai amsa gaisuwata ba. Ya ce in taho gida yau.

Abin da ya faru, Tsoho ya je kasuwar Makarfi sayen igiya. Yana tsaye yana ciniki wani mai acaɓa ya zo ta baya ya sure masa hula, abokinsa yana ɗauka a waya. Suna jira ya faɗi maganar. Bai faɗa ba. Ya tsaya kawai, kai a buɗe, a tsakiyar kasuwa, igiya a hannu. Sai 'yan kallo suka riƙa faɗa masa. Ta ko'ina, "Ina hulata, ina hulata." Shi bai ma san daga ina suka samo ta ba. Wani mai mazarƙwaila da ya san shi ne ya ƙwato hular ya kama hannunsa ya fitar da shi.

Baffa ya gano yaron, ɗan wajen Kudan ne, sa'ana. Ya rantse sai ya kwana a hannun 'yan sanda. Tsoho ya ce a'a, a kawo masa shi zaure. Ina isa na tarar da yaron durƙushe, gumi har ya jiƙa masa riga.

Tsoho ya tambaye shi ɗan gidan wa ne. Ya faɗa. Ashe ya san kakansa, har ya taɓa haska majigi a bangon gidansu.

"To ni kakanka ne?"

"A'a, Baba."

"Akwai wasa tsakanina da gidanku?"

"Babu, Baba."

"To wa ya ba ka?"

Yaron ya zaro waya, ya kunna. Kiɗan nan da na zaɓa da kaina ya cika zauren. Tsoho ya kalla har ya maimaita sau uku. Sannan ya ɗago ya dube ni. Ba harara ba ce. Irin kallon da ake yi wa baƙo ne ana ƙoƙarin tuna inda aka san shi.

Ya juya wajen mai acaɓan. "Kana da katin zaɓe?"

"Ba ni da shi, Baba."

"Je ka yanka. In ka yanka mun rabu lafiya." Ya ɗaga murya ya ce Iya ta kawo wa baƙo fura. Baffa ya tashi ya fita don haushi. Yaron ya sha furar nan yana kuka, Tsoho yana tambayarsa nawa ake sayar da litar mai yanzu.

Da ya tafi muka rage mu biyu. Na shirya shan zagi, wallahi har da sanda na shirya. Sai ya ce, "Malam, sannu da zuwa. Ya karatu?"

Malam.

Na ɗauka abin na kwana ɗaya ne. Washegari na ɓoye masa sanda a bayan rumbu kamar kullum, na laɓe ina jira. Ya laluba gefen kujera, bai samu ba. Bai kira kowa ba. Can ya jawo karan dawa daga jikin danga ya dogara ya tafi masallaci. Da ya dawo na tare shi na ce, "Tsoho, na zo ɗaukar matata." Ya ce, "Tana ciki, Malam."

Rana ta uku na durƙusa a gabansa yadda baffa ke yi, abin da ban taɓa yi ba. Na ce ya yafe mini. Na fara bayanin tarko da data da yadda mutane ba sa kallon abu mai tsawo. Ya bar ni na gama.

"Hular nan taka ce tun ranar da aka haife ka," ya ce. "A cikin gidan nan. Kai ka ɗauke ta ka kai kasuwa."

Na ce zan goge.

"Ka goge na wayarka. Na wayar mutane fa?" Ya gyara zama. "Na yafe maka, duniya da lahira. Tashi, ƙasa da sanyi."

Ya yafe, na yarda ya yafe. Amma bai sake ce mini ɓarawo ba. Bai sake zuwa kasuwar Makarfi ba, mutumin da ko da zazzaɓi ba ya fashi. In zai fita ƙofar gida sai ya ɗora rawani a kan hular ya naɗe har haɓa, a cikin zafin bazara. In ya hango samari da waya sai ya koma zaure. Ban ce wannan ne ya kashe shi ba. Kwana ne ya ƙare, kuma ƙirjin ya daɗe yana damunsa. Amma watanninsa na ƙarshe a zaure ya yi su, kuma na san wanda ya zaunar da shi.

Da jikin ya yi tsanani ruwa ya riga ya sauka. Motar da za ta kai shi asibiti ta tsaya a tsallaken rafi. Muka ɗora shi a kan ƙyauren ɗaki, mu huɗu, muka shiga ruwa har ƙugu. Muna tsakiya ya buɗe ido ya dubi karyayyiyar kwalbatin, ya dube ni.

"Malam, ina wayarka? Ai wannan shi ne fim ɗin."

Tana aljihun rigata. Ban iya ba. Ban san ko da gaske yake ba, ko kuwa wasan ne ya leƙo sau ɗaya ni kuma ban gane shi ba. Har yau ina juya maganar. Kwana biyar aka yi aka sallamo shi, likita ya ce a kai shi gida. Bai ƙara wata doguwar magana da ni ba.

Bayan sadakar uku babana ya kira ni ya ce duk wani hoton mahaifinsa da ke wayata in goge a gabansa. Ban yi musu ba. Na zaro wayar ke nan Iya ta aiko a ce in shigo. Tana zaune a kan tabarmar takaba, ta ce ita ba ta taɓa ganin abin da ake ta magana a kai ba, in nuna mata. Na ce wanne. Ta ce duka, yadda aka ɗauka.

Ta riƙe wayar da hannu biyu ta kalli minti goma sha ɗayan nan ba ta motsa ba. Da aka zo wurin hular ta ji muryarta tana cewa a bar mata tsoho, sai ta rufe baki da gefen mayafi. Da ya ƙare ta ce, "Ashe ya ci gaba da maganar."

Na ce ya ci gaba.

"Su waɗancan sun san ya ci gaba?"

Na ce ba su sani ba.

"To ka tara su ka nuna musu. Har da hular, kada ka cire. Ka kashe a tsakiya yadda yake yi, ka tsaya a gabansu. Kai ka cire ta, kai za ka tsaya." Ta ce a faɗa wa babana ita ta ce.

Washegarin sadakar bakwai na aro na'urar haskawa da ƙaramin janareto, aka ba mu aji ɗaya a firamare bayan an tashi. Rana tsaka ce, sai muka toshe tagogi da buhunan taki. Na sanar a guruf cewa za a nuna cikakken bidiyon Ina hulata. Na san abin da zai kawo su ke nan, kuma ya kawo su. Ajin ya cika har ƙofa.

Minti shida suna haƙuri, ana danne-dannen waya. Da hannuna ya bayyana a bayan kansa sai ajin ya ɗauka tun kafin ya buɗe baki. Dariya, har da masu buga benci. Sai kuma suka ga abin da ba su taɓa gani ba: ya karɓi hular, ya kaɗe, ya mayar, ya ci gaba. Dariyar ta riƙa mutuwa a hankali. Nan na tsayar. Na shiga gaban hasken, fuskarsa tana kan rigata.

Na kwana biyu ina shirya abin da zan faɗa, duk ya gudu. Na ce, "Wannan hannun nawa ne. Kakana ne, ni ina da wasa da shi. Ku ba ku da shi, kuma ni na ba ku abin da ba nawa ba ne in bayar." Sannan na ce, "Wa ke da kati a nan?"

Hannu uku. Ɗaya na mai acaɓan nan ne, yana can baya.

Sai wani daga tsakiya ya ce, ba da rashin kunya ba, "Allah ya jiƙan Baba. Amma shi da ya cika gwangwani da kati, ba a kan ƙyaure kuka tsallakar da shi ba?"

Kowa ya juyo yana jira na. Gaskiya ya faɗa, ina cikin waɗanda suka ɗauki ƙyauren. Na san da Tsoho ne a gaban hasken nan yana da amsa, ko ya mayar masa da wata tambayar da za ta sa ajin ya kaure da musu har la'asar. Shekara hamsin yana wannan. Ni na iya yanka, na iya ɗora kiɗa, na iya sa abu ya zagaya jiha kafin a kira sallah. Wannan ɗin ban tsaya na koya ba, lokacin da yake koyarwa ina neman wurin dariya. Na ce, "Ban sani ba."

Na koma na kunna. Kafin minti biyar ɗin da suka rage su ƙare, rabin ajin ya zare. Abin da suka zo gani ya wuce.

Da aka watse mai acaɓan ya tsaya taya ni cire buhuna. Ya zaro wata 'yar takarda daga bayan wayarsa, ta rajista ce, ta yi laushi don ninki. Ya ce tun satin da abin ya faru ya yanka. Sau uku yana zuwa har bakin rafi da niyyar nuna wa Baba, kunya tana mayar da shi. Ya ce gobe da safe duk mai son zuwa rajista zai kai shi kyauta, in sanar.

Na sanar. Guruf mai mutum fiye da ɗari. Da safe mutum huɗu suka fito. An kwana ana ruwa, rafi ya shafe kwalbatin gaba ɗaya, mashin yana tsallake yana jiranmu. Muka zauna jiran ruwa ya janye. Wajen azahar mutum biyu suka ce suna da taki da za su zuba, suka juya. Biyu suka tuɓe riga suka tsallaka. Su ke nan. Abin da fim ɗina ya tayar ke nan a yankin da na ce zan girgiza, kuma ko su biyun ban san ko don fim ɗin ba ne ko don kunyar idona.

Jiya ma wani ya turo sitikar a wani guruf, a kan maganar ƙwallo. Bai san an yi rasuwa ba, ko ya sani ya manta. Na bi shi ta gefe na roƙe shi, ya ce sori, ya goge. Wannan mutum ɗaya ne. Ban san wayoyi nawa take ciki ba, kuma ba zan taɓa sani ba.

Saboda haka ga roƙona. In tana wayarka, ka goge. In ka ga an turo, ka faɗa musu mai hular nan ya rasu, sunan aikinsa mai majigi, ya zaga ƙauyukan nan kafin a haifi iyayenmu yana sa mutane magana, kuma bayan an cire masa hular ya mayar ya ƙarasa abin da yake faɗa.

Ni kam tawa tana nan, ta asalin, marar kiɗa. Na sha kai yatsa kan gogewa ina janyewa. A duk abin da na mallaka, nan ne kaɗai ya rage inda yake ce mini ɓarawo.

Allah ya yi maka rahama, Tsoho. Ya haskaka kabarinka, ya suturta ka ranar da babu sutura sai tasa. Ya ba Iya haƙuri. Mu kuma ya yafe mana abin da yatsunmu suka aikata.